Masu Fasahar Zango A Birnin Ankara: Da Wane Baki Za Su Yi Magana?

Duk wanda ya ratsa Nima a 'yan shekarun nan ya ga yadda wasu bangaye suka canza kama. Inda da ba a ganin komai sai tallar magani da hotunan 'yan siyasa, yanzu akwai zane-zane masu launi, ciki har da fuskar Mohammed Kudus, ɗan wasan ƙwallon Black Stars da ya tashi a unguwar. Yaran Zango ne ke wannan aiki. Sunan da aka fi ji a cikinsu shi ne Moh Awudu, ga kuma ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art da ke koya wa yara zane. Ku dubi sunan ƙungiyar da kyau, 'yan'uwa. Kalmar Hausa ce a tsakiyarsa, muhimmanci, an rubuta ta yadda bakin mutanen Zango ke faɗinta.

Fasaha ba baƙuwa ba ce a Zango. Alhaji Umaru na Kete-Karachi, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, kuma bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Karachi, inda ya rasu a 1934. Ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, ciki har da waɗanda ya yi kan zuwan Turawa da kuma kan talauci. To amma shi malami ne, masu sauraronsa kuwa fatake ne da almajirai masu jin harshensa. Bai taɓa bukatar tambayar kansa da wane yare zai rubuta ba. Jikokinsa na yau kuwa da wannan tambaya suke kwana, da ita suke tashi.

Misalin da kowa ya sani shi ne na VIP, mawaƙan hiplife da suka fito daga Nima a shekarun 1990. Da Hausa suke hira a gida, kuma sun saka ta cikin waƙoƙinsu, musamman Lazzy, wanda daga baya ya koma amsa sunan Zeal. Amma waƙar da ta kai su kowane lungu na Gana, wato Ahomka Womu ta 2003, wadda ta jawo musu kyaututtukan Ghana Music Awards a 2004, da Tonanci aka raɗa mata suna, yaren Asante. Ba laifinsu ba ne. Mai kaya yana bin inda kasuwa ke ci, kuma gidajen rediyon Ankara da Kumasi Tonanci da Turancin buroka suka fi sakawa. Abin yabo shi ne ba su taɓa ɓoye sunan Nima ba, a lokacin da yaro mai neman aiki kan ji nauyin faɗin cewa daga can yake.

Mohammed Naseehu Ali ya bi wata hanyar. An haife shi a Kumasi a 1971, ya tafi Amurka karatu yana saurayi, kuma a 2005 ya fitar da littafin gajerun labarai mai suna The Prophet of Zongo Street. Ɗaya daga cikin labaran, na Malam Sile mai shayi, ya fito a mujallar The New Yorker. Baturen Amurka ya san Malam Sile, ya san teburin shayinsa da 'yan cin bashin da ke wahalar da shi. Tsohuwar da ke Zangon Kumasi, wadda irin rayuwarta aka zana, sai dai a fassara mata, domin da Turanci aka rubuta.

A nan ne gizo ke saƙar. Gidan rediyon gwamnati, GBC, ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa, amma Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu, irin su Tonanci da Ga da Ewe da Dagbanci. Saboda haka yaron Zango kan tashi yana jin Hausa kamar ruwa, ya iya karatun allo, ya iya Turanci, amma a ce ya rubuta wasiƙa da Hausar boko sai ya tsaya yana susar kai. Wanda bai iya rubuta harshensa ba, yaya zai wallafa littafi da shi? Wa kuma zai saya?

Sannan ga maganar asali. Dattawa ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ba, lokacin da aka kwashe gidaje da yawa a Zango. Har gobe akwai masu kallon duk mai jin Hausa a matsayin baƙo, ko da kakansa a Sabon Zango aka binne shi. Idan kuma ya je Kano, da ya buɗe baki za a ce ga mutumin Gana, don Hausarsa ta bar bambanta namiji da mace a wurare da dama, ta kuma ɗebo kalmomin Tonanci. Can ba a gida ba, nan ana tambayarsa takarda.

A cikin gida ma ba a bar su sun huta ba. Iyaye da yawa na ganin waƙa roƙo ce, malamai kuma na da magana kan zana siffar mai rai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a kawar da shi da dariya. Wasu masu zanen kan karkata ga rubutun Larabci mai ado da zayyana irin ta allon sauka, su samu abinci ba tare da ɓata da gida ba. Wasu kuma sukan ɗauki fentinsu su nufi bikin Chale Wote, wanda aka fara a Jamestown a 2011, inda masu sayen zane daga ƙasashen waje ke zuwa.

A 2017 gwamnati ta kafa ma'aikata ta musamman da asusun raya Zango. An rushe ma'aikatar a 2021. Magudanan ruwa da filayen ƙwallo da makarantu su ne aka fi ji a bakin jami'ai, kuma ana bukatarsu. Mai zane da mawaƙi da marubuci kuwa, yawancinsu har yanzu da kuɗin aljihunsu suke sayen fenti da biyan situdiyo, wasu bayan sun tashi daga ɗinki ko gyaran waya.