Binciken Ƙasa Kafin Haƙa Sokawe

Sanin kowa ne cewa a wannan zamani duk wanda Allah ya hore wa gina gida yakan so ya yi masai irin na ruwa, wanda ƙazantarsa ke gangarawa cikin tankin siminti, mai kauri ya kwanta a ƙasa, ruwan kuma ya tsiyaye zuwa ramin da magina ke kira sokawe. Abin da akasarin jama'a suka gafala da shi kuwa shi ne, ruwan nan yakan fito daga tankin da cutarsa, ƙasar da ke kewaye da ramin ita ce ke tace shi sannu a hankali, in har ta samu hali.

To, ƙasa iri-iri ce. Jigawa takan zuƙe ruwa nan da nan, har ya wuce bai tacu ba. Laka kuwa, irin ta fadama ko firgin Barno, riƙe shi take yi, ramin ya cika ya tumbatsa cikin tsakar gida, yayin da dutse mai tsaga yakan kai ƙazanta nesa yadda ta shiga. Wadda aka fi so ita ce turɓaya mai gauraye da ɗan yumɓu. Hanyar gane ta ba ta da tsada: a haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 30 a daidai inda bututu zai zubo, a cika shi da ruwa ya kwana, wanshekare a sake cikawa, a lura da agogo daga lokacin da rubu'i ya janye zuwa lokacin da rubu'i ya rage. Bisa ƙa'idar da ake bi a Ingila, in bai kai kamar rabin sa'a ba ƙasar ta cika zuƙa, in kuma ya zarce sa'a huɗu ba za ta ɗauka ba.

Amma babban al'amari yana ga zurfin ruwan ƙasa, kuma a nan ne magina da yawa ke tafka kuskure, domin sai ka ji suna alfahari cewa sun haƙa har sun cim ma ruwa, wai don kada ramin ya taɓa cika. Haƙiƙa ba zai cika ba, da yake najasar gidan tana kwarara kai tsaye cikin ruwan da rijiyoyin unguwa ke ja. Masana sun shardanta a bar aƙalla mita ɗaya da rabi na busasshiyar ƙasa tsakanin gindin rami da ruwa, kuma ma'aunin shi ne inda ruwa ke kaiwa a ƙarshen damina, wajen Agusta da Satumba, domin rijiyar da ake ƙara wa igiya da bazara ita ce ake ɗiba da hannu da marka. Wanda ya haƙa da rani sai ya tambayi tsofaffin mahaƙa rijiya na wurin, ya kuma dubi bangon ramin: inda ƙasa ta yi toka-toka da ɗigon tsatsa, alama ce ruwa na kwanciya a nan kowace shekara.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ana duba ruwa ta launi da ɗanɗano da ƙanshi, kuma wannan hukuncin tsarki ne na ibada. Ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa kuwa ba su sauya ko ɗaya daga cikin siffofin nan uku. A shekarar 1854 annobar kwalara ta hallaka mutum fiye da 600 a wata unguwa ta Landan, likita John Snow ya bi diddigi har ya gano famfon da suke sha, daga bisani aka tarar da ramin ƙazanta bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba, alhali mutane na yabon daɗin ruwanta.

Saboda haka ake so tazarar sokawe da rijiya ko burtsatse ta kai mita 30, ramin kuma ya kasance ta gangare. Fulotin birni mai ƙafa 50 kimanin mita 15 ne kawai a faɗi, ke nan rijiyar maƙwabci na cikin lissafi, kuma haƙƙin maƙwabtaka ya wajabta a shawarce shi kafin a sa diga. Inda fili ya gaza, ko ruwa ya yi kusa, sai a gina tanki shafaffe ciki da waje wanda ba ya yoyo, a riƙa kiran motar kwasa in ya cika.