Zongon Kwatano: Titi Ya Gyaru, Rumfa Ta Tafi

Wanda ya san Zongon Kwatano kafin 2016, idan ya dawo yau sai ya tsaya ya sake duban hanya. Unguwar ba ta motsa ba, tana nan kusa da tashar jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa, babban masallacinta na cika ranar Juma'a, Hausa da Dendi da Zarma na tashi a bakin kowane shago. Bakin titin ne ya sake kama.

Patrice Talon ya hau mulkin Benin a Afrilun 2016, kuma a Janairun 2017 aka fara kwashe duk abin da ya hau filin gwamnati. Modeste Toboula, perfen yankin Littoral, shi ya ja ragamar aikin a Kwatano. Rumfar mai shayi, teburin mai tsire, kes ɗin mai gyaran waya, katafila ba ta tambayi shekara nawa suka yi a wurin ba. Daga nan aka hana tare titi don ibada, abin da ya taɓa sahun Juma'a da kan malalo waje idan masallaci ya cika. Sai da rai ya ɓaci sannan Talon ya zauna da malamai da limamai a Fabrairu. Da an yi zaman nan tun farko, da an huta.

Amma a faɗi gaskiya, an ga aiki. An shimfiɗa kwalta, an kafa kamfanin SGDS mai kwashe shara. A 2018 aka haɗe 'yan sanda da jandarmomi suka zama runduna ɗaya. Babban abin kuwa takarda ce. Tsakanin Nuwamba 2017 da Afrilu 2018 an yi rajistar RAVIP, aka ɗauki hoto da zanen yatsun mutum sama da miliyan 10, kowa da lambarsa a hukumar ANIP. Ga ɗan Zongo da aka haifa a nan amma ake yi masa kallon baƙo saboda sunansa, lambar nan ba ƙaramin abu ba ce. Takardar haihuwa da a da sai an yi ta safa da marwa a ofis, yanzu ana nemanta ta intanet.

Sai dai abincin Zongo daga arewa yake zuwa: direbobin tirela, 'yan kamasho, dillalan motoci, masu fiton kaya zuwa Yamai da Maraɗi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, Benin ta bi umarnin ECOWAS ta rufe iyaka. Da aka ɗage takunkumin ECOWAS a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ƙi. Gadar da ta haɗa Malanville da Gaya ta zauna a toshe, fatake da katin shaidarsu sabo fil a aljihu suka koma tsallaka kogin Kwara a kwalekwale.