Jiragen dakon sojan ruwa da suka kwashe baƙi daga Fot Sudan

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 15 ga Afrilu 2023 ce yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, aka rufe filin jirgin sama, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa Fot Sudan da ke bakin Bahar Maliya. Daga can zuwa Jidda kusan kilomita 300 ne ta ruwa, kusan mashigin da kakanninmu alhazan ƙafa suke tsallakewa daga Sawakin a jiragen katako. A waɗannan kwanaki ƙasashe da dama sun turo jiragen sojan ruwansu, amma abin da ya ja hankalina shi ne, cikin waɗanda suka yi aikin sosai akwai jiragen da ba a kera su don harbi ba, aikinsu dako ne kawai.

Rundunonin ruwa na zamani da dama suna da irin waɗannan jirage. Jirgin yaƙi komai girman bindigoginsa, man da ke cikinsa da abincin sojojinsa ƙarewa suke yi, kuma ba kowace tasha ce za ta yarda ya tsaya ba. Shi ya sa ake haɗa shi da jirgin guzuri mai ɗauke da mai da ruwan sha da abinci da kayan gyara. Su biyun suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a tsakiyar teku, a miƙa igiyoyi da mesa daga wannan zuwa wancan, a ɗura mai ba tare da an tsaya ba. Duk ɗan kasuwar da motarsa ta taɓa ƙafewa ba mai a hanyar Gadarif zuwa Gallabat ya san darajar wannan.

Irin wannan jirgi ne Weishanhu na ƙasar Sin, wanda yaƙin ya same shi yana rakiyar jiragen kasuwa a mashigin Adan saboda 'yan fashin teku. Shi da jirgin yaƙi Nanning suka kwashi mutum 678 zuwa Jidda a sawun farko, sannan ya sake komawa ya ɗebo wasu, har da 'yan ƙasashen da ba su da jirgi a kusa. Amurka kuwa ta turo Brunswick, jirgin jigila mai gudu wanda aka ƙera da alminiyam, mai kujeru sama da 300 kamar na jirgin sama, wanda ma'aikatan da ke tuƙa shi ma farar hula ne. Ranar 1 ga Mayu ya sauke mutum wajen 300 a Jidda.

Akwai kuma kashi na biyu, wato jiragen sauke soja a gaɓa. Wanda ya taɓa hawa banton a kan Nilu ya riga ya gane yadda suke: gaban jirgin ke buɗewa, a saukar da gada, motoci su gangara da ƙafafunsu. Bambancin kawai shi ne waɗannan suna ratsa teku, kuma ba su buƙatar tasha ko injin ɗaga kaya, rairayin bakin ruwa ya ishe su. Najeriya ta mallaki guda a 2022, mai suna Kada, tsawonsa mita 100, an ƙera shi a Sharja, kuma a shekarar ya kai wa sojojin ECOWAS kaya a Gini Bisau. To amma Legas ina, Fot Sudan ina? Kafin ya zagayo ta Bahar Rum da Suwez an kwashe makonni. Don haka motocin bas aka yi wa ɗalibai da 'yan kasuwar Najeriya haya, suka yi kwanaki a kan iyakar Masar cikin rana da ƙishirwa kafin a bar su su shiga, aka ɗauke su da jiragen sama daga Aswan a farkon watan Mayu.

Mu kuwa mutanen Maiwurno da ƙauyukan Jazira da Sinnar, ba mu cikin lissafin kowa, domin 'yan ƙasa ne mu, fiye da shekara 100 ke nan tun da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903 suka yada zango a bakin wannan kogi. A gidan rediyonmu mun yi ta amsa waya, masu sauraro na tambaya ko jirgin Jidda zai ɗauki wanda ba shi da fasfo na waje. Amsar da muke bayarwa ba ta da daɗi. Da Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, sai Sinja a Yuni 2024, da a-kori-kura da amalanken jaki da ƙafa mutanenmu suka nufi Gadarif da Kasala, wasu suka bar riɗi da dawa a rumbu. Soja sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani kuma a Janairu 2025, aka fara komowa sannu a hankali, kuma a irin motocin da aka fita da su aka dawo.