Idan Ka Samu Yamma Guda a Edinbara: Inda Za Ka Bi da Inda Za Ka Yi Sallah

Yanzu kusan kowace unguwa tamu, daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege da Fatakwal, akwai wanda ɗansa ko ƙanensa ya tafi Birtaniya karatu ko aiki. Mutum sai ya shekara can bai san komai ba sai ɗakinsa da wurin aikinsa. Yayana yana karatu a Gilasgo, kuma da na je masa ziyara muka shiga Edinbara, babban birnin Sikotland, tun daga azahar har dare. Daga Gilasgo kusan minti 50 ne a jirgin ƙasa, daga Landan kuwa wajen awa huɗu da rabi.

Kafin ka yanki tikiti, fara duba watan da ake ciki. Garin yana can arewa sosai, don haka a Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 3:40 na yamma. Ka ga ke nan azahar da la'asar da magariba duk suna matsewa cikin kimanin awa uku da rabi. A watan Yuni kuma sai ƙarfe goma na dare ta kusa ana ganin rana. Wanda bai lissafa wannan ba, wallahi yana tsaye yana ɗaukar hoto salloli biyu za su wuce shi. Don haka ni shawarata a tsara yawon ta yadda zai bi ta masallaci.

Jirgi yana sauke ka a tashar Waverley, wadda take cikin kwari, tsakanin tsohon gari da sabo. Kai dai ka fuskanci tudu. Ka hau titin Cockburn, minti biyar za ka fito babban titin da ake kira Royal Mile, wanda ya taso daga tsohuwar fadar da ke kan dutse ya gangara har fadar Holyrood. Ka yi dama, ka haura sama. Idan ka isa kafin ƙarfe ɗaya, ka shirya kunnenka: tun 1861 ake buga igwa daga fadar da ƙarfe ɗaya daidai, ban da ranar Lahadi da wasu ranakun bukukuwansu. Asali don masu jiragen ruwa su daidaita agogonsu ne. 'Yan gari ko waiwaye ba sa yi, baƙo ne za ka ga ya zabura.

Shiga cikin fadar sai da kuɗi, kuma tana cin awa biyu cur. A ciki akwai kambin sarakunan Sikotland da wani ɗan ƙaramin coci na ƙarni na 12, wanda shi ne gini mafi tsufa a garin. Mai yini guda ya shiga. Mai yamma guda, musamman lokacin sanyi, ni a ganina ya tsaya a filin ƙofar ya kalli gari kyauta, ya ajiye kuɗinsa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai yana ƙasan dutsen. Ka gangara ta titin Victoria, mai lanƙwasa da shaguna kala-kala, sai ka faɗo wani dogon fili da ake kira Grassmarket. To nan ce karar garin. Tun 1477 ake sayar da shanu da dawaki a wurin, har farkon ƙarni na 20. Titin da ya shigo filin daga gabas ma sunansa Cowgate, wato hanyar shanu, don ta nan ake koro su ranar kasuwa. Ni da na taso a karar Akinyele ina riƙe wa babana igiya, ina tsayawa na gane fasalin wurin: fili mai tsawo, mashiga a kowane ƙarshe, gidajen kwana da na abinci a gefe don fatake. Yau kujerun shan shayi ne a inda ake ɗaure bijimai.

Sana'ar ma ba ta yi nisa da tamu ba. Makiyayan tsaunukan arewacin ƙasar suna koro shanu da ƙafa, makonni suna tafe, zuwa manyan kasuwanni irin na Crieff da Falkirk, inda dillalan Ingila suke saye su wuce da su kudu. Jirgin ƙasa ne ya kashe wannan koro a ƙarni na 19. Duk wanda ya ji dattawanmu suna ba da labarin yadda ake sauko da shanu Kurmi a ƙasa kafin zuwan tirela, ya san wannan labarin. Shanunsu na tsauni kuwa gajeru ne, gashi ya rufe musu ido, ƙaho kamar na Bororo, amma babu tozo. A cikin gari a katin hoto kawai za ka gan su.

Filin yana da wani tarihin mara daɗi. A nan ake rataye mutane a bainar jama'a daga 1660 zuwa 1784, kuma an sa alama a ƙasa a inda gungumen yake.

Daga nan ka hau titin Candlemaker Row. Za ka wuce mutum-mutumin wani kare da baƙi ke shafa wa hanci har ya yi ƙyalli, kai dai ka wuce abinka. Gidan tarihi na ƙasa yana nan kan titin Chambers, shiga kyauta ne, ana rufewa ƙarfe biyar. Kada ka ce sai ka ga komai, ba za ka iya ba. Ka nemi tunkiyar nan Dolly, wadda masana suka samar a 1996 daga ƙwayar halittar wata tunkiya ba tare da barbarar rago ba. Ta mutu a 2003, aka gyara fatarta aka tsayar da ita cikin gilashi. Ɗan kara zai tsaya ya daɗe yana kallonta, ga ta dai tunkiya kamar kowace. Sannan ka hau rufin ginin, daga can ana ganin fadar da rabin gari.

Babban masallacin Edinbara yana Potterrow, tafiyar minti biyar daga gidan tarihin, kusa da jami'a. An buɗe shi a 1998, kuma Sarki Fahad na Saudiyya ne ya ba da mafi yawan kuɗin ginin. Akwai wurin alwala, akwai ɓangaren mata. Idan lokacin sanyi ne, ka juya tsarin: daga tasha ka fara zuwa masallaci ka yi azahar, ka shiga gidan tarihi, ka dawo la'asar, sai ka gangara kara ka haura fada kafin duhu. Duk wuraren a kusa suke da juna.

Abinci ma a unguwar masallacin ya fi sauƙi, akwai gidajen shinkafa da miyar kori na halal masu rahusa. A sauran gari sai ka yi tambaya. Abincinsu na gado da ake kira hagis kayan cikin tunkiya ne da hatsi, amma ba lallai yankan Musulmi ba ne. Wani baƙin abu mai kama da tsiran alade da ake sawa a karin kumallo kuwa da jini ake yin sa, kada ka taɓa.

Idan rani ne kuma da sauran ƙarfi a ƙafarka, tudun Calton yana kusa da tasha, minti goma ka kai sama. Arthur's Seat ya fi shi, mita 251, amma wannan sai da takalmin kirki. Watan Agusta gari yana cika maƙil saboda bikin wasanni, komai ya yi tsada. Ka riƙe rigar ruwa ko da ka ga rana, iskar garin ba ta barin lema ta yi aiki. Motocin haya na gari suna karɓar katin banki, idan kuɗin hannu ne direba ba ya ba da canji. Kuma bankunan Sikotland suna buga nasu takardun fam daban da na Ingila. Ka kashe su can kafin ka taso, don 'yan canjinmu na nan ba lallai su karɓa ba.