Shin Ko Kun San? Ƙarafan da Maganaɗisu Ya Share wa Lantarki Hanya

Shin ko kun san akwai ƙarfen da lantarki ke bi ta cikinsa ba tare da ko ɗigo ya salwanta ba? Kowace wayar wuta da ke gidajenmu tana yi wa lantarki turjiya, shi ya sa caza ke ɗumi idan ta jima a jone. Ranar 8 ga Afrilu, 1911, a garin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba da ruwan hiliyam har ta kai kelbin 4.2, wato digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, sai turjiyar ta yi ɓatan dabo. Duk abin da ya shiga wannan hali ana ce masa sufakondakta. Ma'aunin kelbin kuwa daga ƙarshen sanyi yake fara ƙirga, digiri 273 ƙasa da sifili, inda babu sauran wani sanyi a bayansa.

Ko kun san zinariya da azurfa da jan ƙarfe, waɗanda ba a fi su iya ɗaukar lantarki ba, ba sa zama sufakondakta komai sanyin da aka kai su a ɗakin gwaje-gwaje? Darma kuwa tana zama, a kelbin 7.2. Haka ma niyobiyam, a kelbin 9.2. Ɗaya daga cikin ma'adinan da ake fitar da niyobiyam daga gare su shi ne kolumbait, wanda Nijeriya ke kan gaba a duniya wajen haƙo shi a tuddan Jos a shekarun 1950. Wayar da aka naɗe a cikin yawancin injinan hoton MRI na asibiti haɗin niyobiyam ce da titaniyam.

Ko kun san sufakondakta da maganaɗisu ba sa ga maciji da juna? Haka dai aka ɗauka shekaru da dama, kuma da hujja. A 1933 Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka nuna a Balin cewa da zarar ƙarfe ya shiga wannan hali sai ya koro ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa. A 1957 John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer suka warware dalilin ɓacewar turjiya. Ƙwayoyin ilektiron, masu ɗauke da lantarkin, suna ƙulla tafiya bibbiyu, kuma girgizar ƙwayoyin atam na ƙarfen ce ke haɗa su. Kowane ilektiron ɗan mitsitsin maganaɗisu ne a karan kansa, don haka a cikin kowace tagwayen tafiya ɗaya sama yake fuskanta, ɗayan ƙasa. Maganaɗisu mai ƙarfi kuwa so yake kowa ya fuskanci gefe guda. Da ya juyo da ɗayan, tafiyar ta watse, turjiya ta dawo.

Gwaji ma ya tabbatar. A 1958 Bernd Matthias da abokan aikinsa suka zuba gadoliniyam mai maganaɗisu, kimanin kashi 1 cikin 100, a cikin lantanam, sai halin sufakondakta ya mutu murus. A 1977 aka ga abin da ya fi haka a wani haɗin erbiyam da rodiyam da boron: yana zama sufakondakta a kelbin 8.7, amma in aka ci gaba da sanyaya shi zuwa ƙasa da kelbin 1, sai maganaɗisunsa ya farka ya kori wancan halin. Mai neman sabon sufakondakta a wancan zamani, nasihar farko da za a yi masa ita ce ya yi nesa da duk abin da ke da maganaɗisu.

To ko kun san wani Bajamushe ya rushe wannan nasiha a 1979? Frank Steglich ya auna wani haɗi na seriyam da jan ƙarfe da silikon, CeCu2Si2, wanda ƙwayoyin seriyam masu maganaɗisu suka cika shi maƙil, ya tarar yana zama sufakondakta a wajen rabin kelbin. Abin da ya fi ɗaure kai, in aka cire seriyam aka maye gurbinsa da lantanam marar maganaɗisu, sai halin ya ɓace. Da farko mutane da yawa ba su gaskata ba, sun zaci wani datti ne a cikin samfurin. Sai da aka sake ganin irin wannan a haɗe-haɗen yuraniyom biyu, UBe13 a 1983 da UPt3 a 1984, kowa ya sallama.

Ilektiron na waɗannan ƙarafa nauyi gare su, wani lokaci har kamar ninki 1,000 na ilektiron da ke yawo shi kaɗai. Ku ɗauki dattijon da kowa ya sani ya ratsa kasuwa ranar cinta: nan a riƙe masa hannu a gaisa, can a tare shi da wata magana, tafiyar minti biyar ta koma ta awa guda. Jikinsa bai ƙaru ba, amma mai kallo daga nesa zai rantse buhu yake ɗauke da shi. Haka ilektiron ke cuɗanya da ƙananan maganaɗisun seriyam ko yuraniyom a kowane taki. Masanin Japan Jun Kondo ne ya fara bayyana tushen wannan cuɗanya a 1964. Kuma waɗannan masu nauyin su ne ke ƙulla tafiyar bibbiyu, alhali sun yi nawar da girgizar atam ba za ta iya haɗa su yadda aka saba ba. Daga nan aka fara zargin cewa kai-komon maganaɗisun da kansa ne ke ɗaura auren.

Ko kun san ana iya auna nauyin ilektiron yana cikin ƙarfe, har a zana taswirar zirga-zirgarsa? Wannan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni, don aikin haƙuri ne zalla. Ana ɗaukar ɗan kiristal da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, a ɗora shi a ƙasan wani firji na musamman mai aiki da gaurayen hiliyam-3 da hiliyam-4, wanda ke sauka ƙasa da kashi 1 cikin 10 na kelbin guda. Sai a zura shi a tsakiyar babban maganaɗisu, a riƙa ƙara ƙarfin a hankali, awa bayan awa. A kan allon kwamfuta layi zai fara lilo, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka. Saurin lilon yana faɗin girman da'irar da ilektiron ke zagawa. Yadda lilon ke dusashewa in an ɗan ɗumama kiristal ɗin kuma shi ke faɗin nauyinsa. In aka juya kiristal ɗin kaɗan-kaɗan ana maimaitawa, sai siffar gaba ɗaya ta fito, wadda ake kira shimfiɗar Fermi. Wander de Haas da Pieter van Alphen ne suka fara ganin wannan lilo a Leiden a 1930, Lars Onsager ya fassara ma'anarsa a 1952. Sharaɗin guda ne, kuma mai tsauri: dole kiristal ya kasance tsaf, domin in ilektiron ya ci karo da datti kafin ya kammala zagaye, babu lilon da za a gani. Da wannan dabara Louis Taillefer da Gilbert Lonzarich na Jami'ar Kambirij suka ba da rahoto a 1988 cewa sun auna ilektiron mai nauyin ninki 90 a cikin UPt3. Akwai kuma hanya ta biyu, inda ake haska wa kiristal haske mai ƙarfi ya fizgo ilektiron waje, a auna kuzarinsa da kusurwar da ya fito.

A gurguje: sufakondaktocin da suka fi kowanne jure ɗumi ba tare da an matse su ba, duk daga gidan maganaɗisu suka fito. Georg Bednorz da Alex Müller sun gano na farkonsu a ɗakin binciken IBM na Zurich a 1986, a kelbin 35, suka karɓi kyautar Nobel a shekarar da ta biyo baya. A 1987 aka kai kelbin 93, sama da sanyin ruwan naitirojin mai arha, a 1993 kuma kelbin 133. Asalin waɗannan haɗe-haɗe na jan ƙarfe da iskar oksijin ko lantarki ba sa ɗauka, maganaɗisu ne a jere, wannan sama wancan ƙasa. Har yau masana ba su haɗu a kan cikakken bayani guda game da su ba.

Baƙin ƙarfe fa, uban maganaɗisu? A 2001 masu bincike a Osaka suka matse shi da matsin da ya haura ninki 150,000 na iskar da ke kanmu, ya saki maganaɗisunsa, ya zama sufakondakta a ƙasa da kelbin 2. A 2008 tawagar Hideo Hosono a Tokyo ta samu kelbin 26 a wani haɗi mai baƙin ƙarfe da arsenik, kafin shekarar ta ƙare masana a ƙasar Sin sun kai danginsa kelbin 55.

Amma ko kun san akwai ƙarafan da suke cikakkun maganaɗisu, irin wanda ƙananan maganaɗisunsa duk gefe guda suka fuskanta, kuma sufakondakta ne a lokaci guda? Uku da aka fi sani duk yuraniyom ne a cikinsu, ma'adinin nan da ake haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar. Na farko UGe2, wanda ayarin Lonzarich a Kambirij da abokan aikinsu na Grenoble a Faransa suka bayyana a shekarar 2000. Sai an matse shi da kimanin ninki 10,000 na matsin iska yake zama sufakondakta, a ƙasa da kelbin 1. In aka ƙara matsin zuwa wajen ninki 16,000, maganaɗisun ya mutu, halin sufakondaktan ma ya bi shi. A ganina babu shaidar da ta kai wannan nuna cewa ɗayan da ɗayan yake rayuwa. A 2001 Dai Aoki da abokansa a Grenoble suka samu URhGe, wanda ba ya buƙatar matsi, a 2007 kuma aka samu UCoGe a Amstadam. Sirrinsu shi ne ilektiron biyun da ke tafiya tare gefe guda suke fuskanta tun asali, don haka maganaɗisu ba shi da wanda zai juyo.

URhGe ya ƙara da wani abin mamakin a 2005. In aka sa shi cikin maganaɗisu na waje, halin sufakondaktan yana mutuwa tun ƙarfin maganaɗisun yana wajen tesla 2. A ci gaba da ƙarawa ta wata kusurwa ta musamman, sai ya farfaɗo a kewayen tesla 12, har ma ya fi jure ɗumi fiye da da. Injin MRI da aka fi amfani da shi tesla 1.5 ne.

Ba kullum ake dacewa ba. Sr2RuO4, wanda Yoshiteru Maeno ya gano a 1994, an shafe shekara ashirin ana koyar da cewa ilektiron ɗinsa ma gefe guda suke fuskanta. A 2019 aka sake awon da aka gina wannan koyarwa a kansa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, sai aka gane cewa igiyar rediyon da ake awon da ita a da tana ɗumama samfurin, ta fitar da shi daga halin da ake son aunawa. Masu awon farko suka maimaita aikinsu, suka tabbatar da sabon sakamakon da hannunsu. Irin wannan dattako ya cancanci a yaba.

Wanda ake yayi yanzu shi ne UTe2, haɗin yuraniyom da teluriyam. Sheng Ran da Nicholas Butch da abokan aikinsu a jihar Maryland ta Amurka suka sanar da shi a ƙarshen 2018, a kelbin 1.6. Shi ma yana mutuwa ya farfaɗo, sai dai farfaɗowarsa sama da tesla 40 take farawa, ta kuma wuce tesla 60. Ana fatan wata rana irinsa ya yi amfani a kwamfutar kwantam, amma wannan fata ce tukuna, kuma bai kamata a sayar da ita a matsayin labari ba. A samfuran farko wasu sun ga kamar sau biyu yake sauya hali in ana sanyaya shi, aka yi ta gina bayanai a kan hakan. Da aka samu kiristal mai tsabta, sauyi ɗaya tak aka gani. A 2022 masana a Japan suka raino shi a cikin narkakken gishiri, ma'auninsa ya tashi zuwa kelbin 2.1, kuma a shekarar ne ayarin Aoki ya fara ganin lilon nan a cikinsa. Shimfiɗar Fermi ɗinsa ta fito a siffar dogayen bututu, kowanne ɗauke da ilektiron masu nauyin ninki gommai.