Garka da Tukunya: Girkin Ɗanyen Ganye a Daminar Bahaushe

Masu nazarin abincin Hausawa sun fi mai da hankali ga tsaba, watau gero da dawa da maiwa, da irin tuwo da fura da kunun da ake samu daga gare su. Ba laifi ba ne, domin tsaba ita ce ginshiƙin ci da sha a ƙasar Hausa. Amma Bahaushe da kansa ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma yana da kalma ta musamman, gaya, don tuwon da ya rasa mahaɗi. A wannan maƙala za a duba ɓangaren mahaɗin ne, musamman ɗanyen ganyen da uwargida take tsinkowa a gida ko a gefen gona cikin damina, da yadda take sarrafa shi, da kuma dalilin da ya sa girkin wannan lokaci ya bambanta da na sauran shekara.

Ya kamata a fara da gyara wani kuskure da ya yaɗu ta hanyar fassara. Watannin Yuni da Yuli da Agusta, waɗanda Turawa suke kira lokacin zafinsu, lokacin da lambunansu suke cika da kayan marmari, an saba fassara su da bazara. A wurinmu kuwa bazara ita ce tsakanin Maris da Mayu, sa'ad da ƙasa ta ƙone, rijiyoyi suka ja baya, ba wani kore sai a fadama. Waɗancan watanni uku damina ce tsantsa a Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi. Saboda haka wanda yake neman lokacin da Bahaushe yake cin abin da ya tsinko da hannunsa, damina zai duba.

Haka kuma akwai bambanci tsakanin wuraren da ake samun ganyen. Lambu aikin rani ne, aikin maza, ana yin sa a fadama ko bakin rafi da ban ruwa, a da da jigo, yanzu da injin, kuma galibi don kasuwa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ɗan filin da yake cikin gida ko jikin danga, wanda ruwan sama yake shayarwa, wanda kuma mata da yara suke kula da shi. Zan kira shi garka, ko da yake na san a Hausar yamma da ta Nijar sau da yawa garka da lambu abu guda ne. (Ba zan ce lambun bayan gida ba, kamar yadda nakan ji wasu masu fassara suna faɗa, domin kowa ya san inda Bahaushe yake nufi da bayan gida.) A irin wannan garka akan sami 'yan kunyoyin kuɓewa, da yakuwa, da rama, da alayyafo, da gauta, da barkono, kabewa kuma ta bi darni ta haye rufin ɗaki. Sau da yawa zogale ne ma shingen. Ga matar da take cikin kulle wannan ita ce gonar da hannunta yake kaiwa ba tare da ta aiki kowa ba.

Akan yi wa damina kirari da uwar albarka, amma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san albarkar ba ta isowa sai a ƙarshe. Hatsin da aka zuba a rumbu da kakar bara ya yi ƙasa, an ɗebi iri daga cikinsa, farashi ya hau a kasuwa, ga kuma aikin firi da maimai yana neman ƙarfin jiki fiye da kowane aiki na shekara. Gero, wanda shi ne mai saurin nuna, yana bukatar kimanin wata uku. Dawa kuwa sai bayan ruwa ya ɗauke. To, a tsakanin shuka da ranar da za a gasa tumun farko akwai rami, kuma ganye ne yake cike shi. Alayyafo yakan isa tsinka cikin mako 3 zuwa 4. Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata biyu. Tafasa da lalo da karkashi da gasaya da zaƙi-banza ba ma shuka su ake yi ba, da an yi ruwa biyu ko uku sai su fito da kansu a juji da gefen hanya da tsakanin kunyoyi. Sunan zaƙi-banza kaɗai ya isa shaida, watau daɗin da ba a biya ba. A shekarun fari, kamar na 1973 da na 1984, irin waɗannan tsire-tsire, tare da yaɗiya, sun riƙe rayuka da dama a karkara.

Da wannan a zuciya za a gane hikimar manyan girke-girken damina guda uku, watau fate da dambu da kwaɗo. Dukansu dabaru ne na rage tsaba a ƙara ganye.

Fate shi ne ya fi bayyana wannan manufa. Akan ɗora sanwa da daddawa da albasa da barkono da ɗan mai, in ta tafasa a riƙa barbaɗa tsakin masara ko na dawa ana juyawa don kada ya yi gudaji. Idan tsakin ya kusa nuna sai a kawo dakakkiyar gyaɗa, sa'an nan ganye, yakuwa don tsami, alayyafo ko rama don auki, a yanka gauta a kai don ɗan ɗaci. Tsakin da ba zai isa tuwon mutum uku ba sai ga shi ya ciyar da gida. Mutanen Zazzau sun yi suna da fate, har abokan wasansu suna tsokanarsu da shi, a kudancin Kaduna da Filato kuwa da acca ake yin sa. Dambu kuma turara tsakin ake yi a madambaci, a sauke a cuɗa shi da zogale ko rama, a mayar ya ƙarasa, a ci da mai da yaji. Shi kuwa kwaɗo babu tsaba a cikinsa ko kaɗan. Dafa ganyen ake yi, a matse ruwan, a cuɗa da garin ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono da ɗanyar albasa. Kowane ganye da nasa hali: rama sai an zubar da ruwan dahuwarta don rage tsami, tafasa sai ta daɗe a wuta an kuma sauya mata ruwa kafin warinta ya tafi, zogale kuwa da ganyen wake ba su da wahala. Zabarmawan Nijar suna da irin wannan haɗi, suna ce masa kopto. Kwaɗo abinci ne, sana'a ce kuma, domin da tallansa mata da yawa suke samun na sabulu da na zubin adashi a cikin damina.

Masana abinci mai gina jiki sun tabbatar da abin da tsohuwa ta sani da gwaji. Koren ganye yana ɗauke da sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A, wanda rashinsa yake kawo dundumi, kuma jiki ba ya shan wannan sinadari sosai sai tare da maiƙo. Ashe ke nan ƙuli-ƙulin kwaɗo da gyaɗar fate ba don daɗi kawai suke ba.

Idan aka dawo kan miya, harshen kansa ya raba shekara gida biyu. Muna cewa miyar ɗanyar kuɓewa da miyar busasshiyar kuɓewa, kuma duk da cewa tsiro ɗaya ne, ba mai ɗaukarsu miya ɗaya. Busasshiya baƙa ce, ƙamshinta na daddawa ne, tana tafiya da kuka a matsayin miyar rani da bazara. Ɗanya kuwa koriya ce shar, 'ya'yanta farare suna yawo a ciki. Akan gurza ta ko a yanka ƙanana a ɗan daka, a zuba a ruwan nama ko na busasshen kifi yana tafasa, a jefa ɗan gutsuren kanwa, a burga da maburgi, a bar tukunya a buɗe don kada ta yi bori, a sauke da wuri. Abin da ake nema shi ne yauƙi, wanda yake sa lomar tuwon dawa ta wuce ba tauna. Lalo da karkashi ma don yauƙin ake son su. Hausawan zango a Gana suna kiran lalo ayoyo, kuma da shi suke cin tuwonsu har yau.

Aikin kanwa a nan ya cancanci a tsaya a kansa. Kanwa gishirin ƙasa ce mai kashe tsami, wadda fatake suka daɗe suna kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, wanda bai samu ba kuwa yakan tace ruwan toka. Tsami abokin gabar yauƙi ne, shi ya sa mai girki ba ta haɗa kuɓewa da yakuwa barkatai, in kuma ta sa tumatir sai kaɗan. Kanwa tana ƙarfafa yauƙin, tana sa ganye ya yi laushi da wuri, tana kuma tsare masa korensa. Amma fa tana da nata hasara, domin tana lalata bitamin C da bitamin B1. A ganina abin da ya kamata malaman tsabta su riƙa koyarwa shi ne a rage ta a kuma gajarta dahuwa, maimakon su ce a daina, umarnin da babu uwargidan da za ta bi.

Sarauniyar miyar ganye ita ce taushe, wadda ake yi da kabewa da alayyafo da yakuwa da gyaɗa, miyar suna da biki da waina. Da yake kabewa ba ta ƙosawa sai damina ta yi nisa, taushen sabuwar kabewa alama ce ta cewa wuya ta kusa wucewa. (Miya kalmar tamace ce, don haka a daidaitacciyar Hausa miyar taushe za a rubuta, miyan taushe da ake ji ko'ina ya dace da karin Zariya da Bauci, inda bambancin jinsi ya raunana.)

Mai karatu zai lura cewa tumatir, wanda yau shi ne sarkin cefane, bai taka wata rawa ba a duk abin da aka ambata. Dalilai biyu ne. Na farko, baƙo ne. Shi da barkono da tattasai da masara da gyaɗa da kabewa duk daga nahiyar Amurka suka fito bayan 1492, sai dai wasu sun riga wasu zama 'yan gida, har masara ta ɗauki sunan Masar. Kuɓewa da yakuwa da gauta da wake da kuka su ne 'yan asalin Afirka. Albasa sunanta na Larabci ne. Zogale daga Indiya yake, wasu ma suna ce masa bagaruwar Makka. Tumatir da kabeji da karas da latas kuwa sunayensu kaɗai sun nuna cewa ta hannun Ingilishi suka shigo harshen. Na biyu, tumatir ba ya son marka, cuta takan kama shi, shi ya sa yake tsada a damina. Yaɗuwarsa ta biyo bayan manyan ayyukan ban ruwa, kamar madatsar Tiga da aka gama a 1974 wadda take shayar da Kadawa da Kura. Lokacin da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016, gidajen da suka fi shiga uku su ne waɗanda ba su san wata miya ba sai jar miya.

Gwamnati ta taɓa lura da amfanin noman cikin gida. Shirin ciyar da ƙasa na 1976, zamanin mulkin Janar Obasanjo, ya kwaɗaitar da ma'aikata da makarantu su shuka duk wani fili da yake kusa da su. Shirin ya wuce, abin da ya biyo baya kuwa akasinsa ne. An yanka filaye ƙanana, an shafe tsakar gida da siminti, gidan haya ba ya barin ko kunya ɗaya. A gona kuma maganin feshi na kashe ciyawa, wanda ya sauƙaƙa wa manomi firi, bai san bambancin ciyawa da lalo ko gasaya ba. Ganyen da a da ake samu a banza ya koma abin saye a ƙulli.

Wannan asara ta shafi harshe kai tsaye. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa, ya buga littafin sunayen tsire-tsire na Hausa a 1916, ƙamusun Bargery na 1934 kuma cike yake da irin waɗannan kalmomi. Na taɓa kai ɗanyen ganye iri-iri aji na nemi ɗalibai masu nazarin Hausa su faɗi sunayensu. Zogale da alayyafo ba su ba kowa wuya ba. Gasaya da yaɗiya kuwa sai 'yan ƙalilan da suka tashi a ƙauye, wani ma ya rantse tafasa aikatau ce kawai, ba suna ba. Ga shi kuwa da irin waɗannan kalmomi muke koyar da karin sauti da tsawon wasali: kuka ta miya da kukan yaro, rama ta kwaɗo da ramar maras lafiya. Yana da kyau ɗaliban da suke neman batun digiri na biyu su shiga ƙauyuka da rikoda su zauna da tsofaffin mata, su tattara sunan kowane ganye da yadda ake ce masa a Sakkwato da Daura da Haɗeja da Damagaram, da yadda ake dafa shi.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ƙarshen Satumba, sa'ad da girki biyun suke haɗuwa a tsakar gida ɗaya. Tukunya tana kan murhu da ɗanyar kuɓewa, ragowar kuma an yanyanka an baza a tabarma don rani. Ana figar ganyen kuka da na zogale ana shanyawa, gwanayen mata a inuwa, domin rana tana cinye kore da amfani. Yakuwa ta fid da zoɓorodo, 'ya'yanta kuwa, gurguzu, ana tara su don daddawar batso.