Ko Kun Sani? A Benin, Rufin Ɗaki Ake Dubawa Don Gane Talaka

Ko kun san cewa a Jamhuriyar Benin, idan ana tantance gidajen da suka fi buƙatar taimako, ba a dogara da tambayar maigida nawa yake samu a wata? A shirin ARCH na gwamnati, wanda ya fara gwajin inshorar lafiya ga talakawa a 2019, mutanen gari ne ke fara fitar da sunayen mabuƙata. Daga nan ma'aikatan ƙidaya su bi gida-gida suna duba abin da ido ke gani: rufin kwano ne ko na ciyawa, daɓen siminti ko na ƙasa, ruwan famfo ko na rijiya, baki nawa ke ci a tukunya ɗaya. Kowace amsa da makinta.

Dalilin a fili yake a gari irin Madekali, cikin ƙaramar hukumar Malanville a gaɓar kogin Kwara. Manomin shinkafa da masunci ba su da albashi. Kuɗi na shigowa da kaka, ambaliya ɗaya kuma ta isa ta cinye wahalar shekara.

Binciken hukumar ƙididdigar ƙasar na 2019 ya nuna kashi 38.5 cikin ɗari na 'yan Benin na cikin talauci.